Gishirin da Ya Ƙi Narkewa

Da sunan Wanda ya shimfiɗa ƙasa ya tsaga mata hanyoyi, ya ɗaga sama ya rataya mata gajimare, ya sa ɗanɗano a harshe, ya sa hankali a ka. Ku matso, 'yan'uwa, ku gyara tabarma. Ni ce Yalwa mai gishiri, matar marigayi Cindo madugu, wadda ba a taɓa taya kayanta sau ɗaya ta ce ta sallama ba. Karatuna gajere ne, bai wuce abin salla ba. Amma idona ya yi yawo, harshena ya yi ɗanɗano, kuma abin da suka shaida shi zan faɗa muku.

Cindo ya rasu a ƙarshen kaka. Ya bar mini jakuna shida, da kantun gishiri ashirin da huɗu, da magana guda ɗaya. Yana kwance ya ce, "Yalwa, akwai wani birni bayan Kogin Barci, ana ce masa Birnin Raɓa. Can mutane ke kukan gishiri. Sau uku ina ɗaura niyya, sau uku ciwo na mayar da ni. Wannan kayan na kasuwar can ne. Kada ki karyar da shi a hanya."

Na ce, "Kai ma dai, Madugu. Ka taɓa ganin na karyar da kaya?"

Ya yi murmushi.

Da na fita takaba ƙannensa suka zo da fuskar tausayi, suka ce, "Yaya Yalwa, fatauci ba naki ba ne, kawo mu rage miki nauyi." Suka yi tayin da ko jakin da ya ɗauko kayan zai ji kunya. Na ce musu albarka. Na ɗaura mangala, na kora jakuna, na bi gabas.

Kwana talatin ina tafiya kafin na iso Kogin Barci. Ruwansa baƙi ne, mai santsi, ba ya ƙara ko kaɗan, kai ka ce mai ne aka zuba a faranti. Wani bafatake da na gamu da shi yana dawowa hannu wofi ya gargaɗe ni cewa duk wanda ya shiga jirgi, da an kai tsakiya sai barci ya kwashe shi, mai fito kuma ya zaɓi abin da yake so a cikin kaya. Shi mai fiton goro yake taunawa, shi ya sa barcin ba ya kama shi.

Na same shi a bakin ruwa, dogo, mai jajayen haƙora. Ya ce, "Baiwar Allah, kantu uku, na haye da ke da jakunanki."

Na ce, "Mu shiga, ma daidaita a hanya."

Muka shiga. Ya ce uku, na ce guntu. Ya ce biyu da rabi, na ce jirginsa na yoyo. Ya ce ba ya yoyo, na ce to me ya jiƙa kofaton jakina? Jakuna suka sunkuyar da kai ɗaya bayan ɗaya suka yi barci a tsaye. Ni ma na ji idona yana nauyi, na ga Cindo yana tafiya a kan ruwa yana yafito ni da hannu. Amma ni tun ina budurwa ban taɓa yin gyangyaɗi ana cikin ciniki ba. Na ƙara murya, na ce ɗan yatsan gishiri ma ya yi masa yawa. Mutumin ya fusata, ya tofar da goron don ya samu bakin rantsuwa. Rantsuwa biyu ya yi, a ta uku ya zube a kan buhun dusa yana minshari. Na ɗauki gorar tuƙi na kai mu gaci da hannuna. Na bar masa dunƙulen gishiri kamar ƙwan kaza a tafin hannu, don haƙƙinsa ke nan, ba ƙari.

Bayan kogin akwai wani fili inda sama ta sauko ƙasa-ƙasa, har makiyaya ke rataye gorunansu a jikin gajimare su zauna su huta. A can wata baƙar akuya mai farin kunne ɗaya ta bi ni. Na kore ta, ta dawo. Na jefe ta, ta dawo. Igiyar mangala take lasa, da bayan jaki, da duk inda zufana ya ɗiga. Tsohuwar da ke kiwonta ta ce, "Ɗiyata, wannan ko a ƙarƙashin rijiya kika ɓoye gishiri sai ta tono shi. Ta fi ƙarfina, tafi da ita." Na ba ta ɓarɓashin da ya taru a gindin mangala, na sa wa akuyar suna Kwaɗayi.

A kwana na arba'in da biyu na hango Birnin Raɓa. A kan dutse yake, ganuwarsa koriya shar da gansakuka. Can raɓa ba ta jiran asuba, sauka take yi wuni duka, a hankali, kamar ana tankaɗe gari. Gajimare na shiga zaure ya kwanta kamar tunkiya. Mutanen garin suna tafiya sannu-sannu, ido rabi a rufe, in ka gaishe su sai ka yi taku uku kafin amsa ta iso ka.

A bakin ƙofa na tarar da zango cike da fatake, masu dabino, masu allura, masu jan ƙarfe, kowa ya yi tagumi. Sarkin Ƙofa, wani mai tumbi da ake kira Tunau, ya zagaya jakunana yana bubbuga mangala da sanda.

"Ke baƙuwa, kayan waje rabi na Sarki ne. Sauke goma sha biyu ki wuce."

Na ce, "Ranka ya daɗe, tare muka haƙo shi da Sarkin?"

Ya nuna mini wani allo da aka kafa a bango. "Ga doka nan a rubuce."

Na ce, "Ni ba na ciniki da allo. Kantu ɗaya, don girman rawaninka."

"Nan ba a tayi. Ko rabi, ko ki koma inda kika fito."

Na sauke kayana a zango, na zauna a kai. Rabi fa! Da wane ido zan kalli Cindo ranar da za mu gamu?

Wata mai koko ce a gindin ganuwa, Dela, ita ta buɗe mini al'adar garin. Kokonta lami ne, ƙosanta lami, na ɓantaro mata ɗan gishiri ta sa a ƙullu, shi ke nan muka zama aminai. Ta nuna mini wani kwarmin dutse a ƙarƙashin ƙofa, inda raɓa ke ɗiga ɗis, ɗis, a kan wani farin kantu.

Ta ce, "Kin ga wancan, 'yar'uwa? Shi ne Gishirin Sarki. A garin nan Sarki na iya sa haraji a ƙofa, amma ba da bakinsa kawai ba. Sai ya hau wurin Masu Tabarma Tara, wakilan masu sana'a, ba takalmi a ƙafarsa, ya faɗi dalili. In sun yarda su ba shi kantu ɗaya a ajiye a can. Muddin kantun na nan, haraji na nan. Ranar da ya narke, haraji ya narke, sai ya sake hawa ya roƙa."

"Kwana nawa yakan yi?"

"A da, arba'in. Wannan kuwa shekara bakwai ke nan. An ce albarka ce ta sauka, Allah ya yarda da Sarki."

"Ba wanda ya ɗanɗana?"

Ta toshe mini baki da tafinta. "Rufa mana asiri! Hannun mutum ko harshensa ya taɓa shi, yanke shi ake yi."

Na zauna kwana tara. Ku da ba ku san gishiri ba, ku sani ba shi da maƙiyi kamar laima. Na rufe kayana da tabarma, na rufe da fata, na tuɓe mayafina na ƙara. Duk da haka kantuna suka soma gumi. Kowace safiya in na ɗaga, sai in ga kafaɗunsu sun zube, ƙasan wurin ta yi fari. Dukiyar Cindo tana tsiyayewa cikin ƙasar mutane ina kallo. Tunau kan biyo ya ce, "Mai gishiri, yau rabin nawa ya rage? Ki ƙara kwana goma, ni da ke duk mu huta."

Na ce, "Gara ƙasa ta sha da tumbinka ya sha." Da ya wuce na ƙara gyara rufin kayana.

Ran na tara da hantsi Kwaɗayi ta tsinke igiya. Na bi ta da ido, sai na ga ƙofa ta nufa, kai tsaye wurin kwarmin. Na ce shi ke nan, za ta lashe Gishirin Sarki a yanka mini ita. Ta isa. Ta sunsuna farin kantun. Ta yi atishawa. Ta sha ruwan da ya taru a kwarmin kamar ruwan rijiya, ta juyo abinta, ta zo ta kama lasar gefen zanena.

Na dubi kayana da na lulluɓe da rufi uku suna narkewa. Na dubi wancan da ruwa ke duka shekara bakwai, kafaɗarsa a tsaye kamar jiya aka sassaƙa shi. Dariya ta kubce mini, irin wadda ban yi ba tun kafin takaba.

Na miƙe na ce, "Jama'a, wallahi wancan ba gishiri ba ne!"

Kafin na rufe baki dogarai sun riƙe ni. Tunau ya ce na zagi Gishirin Sarki, hukuncina a ƙwace kayana duka, a kore ni da zanen jikina. Dela ta matso kamar za ta karɓi ƙwaryarta, ta raɗa mini, "Ce a kai ki gaban Masu Tabarma. Gishirin nasu ne, shari'arsa tasu ce."

Na ɗaga murya yadda har na ƙarshen zango zai ji. "A kai ni gaban Masu Tabarma!"

Tunau ya yi dariya. "Ku kai ta. In ta samu mai amsa mata, ta gaishe shi."

Matakala ɗari bakwai muka hau, cikin gajimare, ni da dogarai biyu. A ƙoli akwai wata rumfa ƙarƙashin wani gamji, ga tabarmi tara a jere, ga mutum tara a zaune, dukansu barci suke. Shekara bakwai ba wanda ya zo ya tambaye su komai. Kurciya ta yi sheƙa a rawanin wakilin mahauta. Kabewa ta yaɗu ta naɗe ƙafar wakilin masaƙa, har ta yi 'ya'ya biyu. A tsakiya wata tsohuwa ce, hannuwanta shuɗɗa da baba, ita ce Iya Dudu, wakiliyar marina kuma babbarsu.

Na yi sallama, shiru. Na tafa hannu, shiru. Dogari ya ce, "Mun gaya miki. Mu sauka."

Sai na tuna ƙosan Dela lami, da idanun mutanen gari da rashin gishiri ya lumshe. Na kwance bakin zanena, inda nakan ƙulle ɗan ɗanɗano na masu saye. Na murtsuke shi, na shafa wa Iya Dudu a leɓe.

Leɓen ya motsa. Harshe ya fito. Ta buɗe ido ɗaya.

"Wa ya yi miya?"

Na durƙusa na ce, "Iya, ba miya ba ce, ƙara ce na kawo. Ɗanɗanon farko kyauta ne."

Na bi sauran takwas ɗin na shafa musu. Suka farka suna miƙa, ƙasusuwa na ƙara, kurciya ta tashi fir. Na faɗa musu abin da na gani. Iya Dudu ta ce, "Shekara nawa kika ce?" Na ce bakwai. Ta daɗe tana kallon kabewar nan. Sannan ta ce a kira Sarki, a haɗu a ƙofa.

Gari duka ya fito. Sarki Mayana ya iso a kan farar jimina, siriri ne, mai idon wanda ya gaji. Tunau ya faɗi ya yi gaisuwa ya ce, "Ranka ya daɗe, ba ta da shaida. Ba mai ikon taɓa shi, balle ya ɗanɗana."

Na ce, "Hannun mutum aka ce, da harshen mutum. Akuya fa?"

Tunau ya ce, "Akuyarta ce, ta koya mata!"

Na ce, "To bar tawa, ɗaure ta. Kawo naku. Kawo duk awakin garin nan."

Aka koro awaki sun fi hamsin, waɗanda rabonsu da gishiri tun suna cikin uwayensu. Na ɓantaro ɗan guntu daga nawa, na aje can nesa a kan turmin Dela. Aka sake su a bakin kwarmin, hancinsu na gogar Gishirin Sarki. Ko ɗaya ba ta tsaya ba. Suka kwasa a guje, suka kifar da turmin, suna tunkuyin juna a kan guntun da bai kai goro ba. Wani ɗan bunsuru da bai samu wuri ba ya dawo, ya yi tsalle ya haye kan farin kantun, ya tsaya yana kallon jama'a, yadda awaki ke yi wa kowane dutse.

Wata mata ta fara dariya, sai dariyar ta bazu har bayan ganuwa.

Iya Dudu ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Mayana." Haka ta kira shi, ba sarauta. "Ka sani?"

Ya sauko daga jiminar. Ya ce, "Na sani, Iya. Shekarar nan yadin waje ya cika kasuwa, masaƙanmu suna kwana da yunwa. Na hau, kuka ba ni kantu. Ya narke, na sake hawa, kuka yi kwana goma sha tara kuna gardama, ni ina tsaye ba takalmi a kan dutse mai sanyi. Da na biyu ya kusa ƙarewa, na ce wa Tunau ya nemo mini wanda zai daɗe."

Iya Dudu ta ce, "Na yadi muka ba ka. Wa ya ba ka na gishiri? Wa ya ba ka na allura da dabino? Wa ya ce rabi?"

Ya sunkuyar da kai. "Ba wanda ya sauko ya hana ni."

Masu Tabarma suka dubi ƙasa, su tara. Wakilin masaƙa ya shiga cire sauran ganyen kabewa daga wandonsa. Can Iya Dudu ta nisa ta ce, "Gaskiya ne. Da muka ga ka daina hawowa, daɗi muka ji." Ta juya ga jama'a. "Ba gishiri a kwarmi, saboda haka ba haraji a ƙofa. A buɗe. Kai kuma, tuɓe takalmin."

Ya tuɓe. Fatake suka shiga birni da kayansu cif, ni ce a gaba, Kwaɗayi na bayana. Na wuce ta gaban Tunau na ce, "Ranka ya daɗe, kantu ɗayan nan da na yi maka tayi, na janye."

Kwana uku Masu Tabarma suna gardama can a ƙoli, Sarki na tsaye a gabansu. Muryoyinsu na saukowa ta cikin gajimare, mutane na tsayawa a hanya suna saurare kamar ana kiɗa. Wakilin masaƙa ya ce a bar harajin yadi, wakilin mahauta ya ce shi ma yana son riga mai araha. A ƙarshe suka tsaya a kan yadi kaɗai, ɗaya cikin goma. Da suka buɗe rumbunsu don su ɗauko kantun da za su ba Sarki, sai suka tarar da ruwa da kwaɗi. A garin duka ba mai kantu sai ni.

A lokacin na riga na buɗe kayana a kasuwa. Raɓa ta cinye mini abin da ya kai kantu tara, ba zan ɓoye muku ba, ranar na yi kuka a bayan jaki. Amma sauran, mata suka yi layi da ƙore har bakin masallaci. Guda ɗaya ne kowa ya ƙi, wanda ya kwana a ƙasan mangala, ya jiƙe, ya yi ramuka kamar saƙar zuma.

Iya Dudu ta zo da kanta, Sarki na biye. Ta ce, "'Yata, ba mu mafi ƙarfi a cikin kayanki."

Na ce, "Iya, mai ƙarfi ai kun gwada shi shekara bakwai." Na ɗago jiƙaƙƙen na aje a gabanta. "Wannan ne naku. Turmin yadi uku na saƙar garinku."

"Uku? Wannan ruɓaɓɓen? Ɗaya, don kin tashe ni."

"Albarka. Je ki nemo wanda ya fi shi saurin narkewa a wani wuri."

Ta dube ni, na dube ta. Rabona da abokin ciniki irin wannan tun Cindo na neman aurena. Muka ja, muka ja, har inuwa ta juya. Ta tashi sau biyu kamar za ta tafi, ban kira ta ba. Muka daidaita a kan biyu da rabi, da farin dutsen nan a matsayin gyara.

Sarki ya ɗauki kantun da hannu biyu, ruwa na ɗiga ta tsakanin yatsunsa. Ya ce, "Baiwar Allah, wannan ko wata guda ba zai yi ba."

Na ce, "Ranka ya daɗe, matakala ɗari bakwai ce kawai. Ni da na girme ka na hau."

Na dawo gida da jakuna shida ɗauke da kaya. Mai fito ya hango ni ya ce in shiga kyauta, muddin ba zan yi magana ba. Ƙannen Cindo suka zo ganin kaya, na ba su ruwa suka sha. Washegari na je inda aka kwantar da Madugu, na yi masa addu'a, na ce masa, "Na kai shi kasuwar can. Raɓa ta ci nata, amma ban karyar ba."

Dutsen kuwa ga shi can a ƙofar ɗakina, a kansa nake niƙa barkono. Damina goma sha ɗaya ta dake shi, bai ragu da ƙwayar gero ba. Jikokin Kwaɗayi na hawa kansa su sha hantsi, har yau ba wadda ta taɓa lasarsa. Wanda bai yarda da labarina ba, ya tashi ya je ya sa harshe, a gidana ba a yanke wa kowa. Na kawo ku inda na sauke kaya, sai ku naɗe tabarma.